Yusha'u da Hatimin Auduga

Mahaifin Yusha'u manomin auduga ne a Bungudu, kuma burinsa ɗan ya gaje shi. Yusha'u bai so ba. Tun yana ƙarami ya tsani tsinkar auduga: mutum ya duƙa tun safe, ƙwanso na caka masa yatsu, ya wuni yana cika buhun da ba ya nauyi. Da ya yi wayo sai ya gudu Gusau, ya bi wani direba yana karen mota har ya iya tuƙi, ya sami lasin. Abin da ya riƙa ba mutanen garinsu dariya shi ne, aikin da ya samu daga ƙarshe na ɗaukar auduga ne. Alhaji Adamu, mai kamfanin gurzar auduga a bayan garin Gusau, ya ba shi gingimari mai bodin katako, ya riƙe ta fiye da shekara ashirin.

A wancan zamanin aikin ba na gaggawa ba ne. Kamfani na da sito a Tsafe, yana da wani a Bungudu. Idan kaka ta yi, manoma su kawo auduga a kan jakuna da raƙuma da amalanken shanu, a auna, a jibge a sito har ta kusa taɓa kwano. Yusha'u da abokin aikinsa Sabiru, wanda ke ɗaurin kaya da duba tayoyi, su zo su loda mota har ta yi tozo, su kama hanya a hankali. In sito bai cika ba, su nemi inuwa su sha rake.

Motar kuma ta jama'a ce. Akwai wata tsohuwa mai daddawa a Kwatarkwashi, Inna Uwa, wadda duk ranar kasuwa take ɗaga masa hannu ya tsaya. Ɗalibai masu komawa makaranta, ango da gadon da ya sayo, mai buhun gero, duk a kan audugar suke hawa su baje, wuri mai laushi. Bai taɓa yanka wa kowa kuɗi ba. Matarsa Saude takan ce gidansu bai taɓa rasa dankali da ƙwan zabi ba, alhali ba su noma dankali, ba su kiwon zabi.

A kakar 1997 labari mara daɗi ya zo daga ƙetare. Masaƙar da ke sayen audugar Alhaji Adamu ta aiko cewa ta buɗe diloli ta tarar da zaren leda a ciki. Manoma sun saba zuba auduga a tsohon buhun taki, buhun kuma yana warwarewa, zarensa ya shige cikin audugar. Ido ba ya ganinsa, injin gurza ba ya fitar da shi. Sai an saƙa yadi an rina, sannan ledar ta ƙi shan rini, ta fito fari-fari kamar furfura. Masaƙar ta ce ba za ta ƙara saye ba sai kamfani ya kawo takardar shaida daga masu bincike, wadda za ta tabbatar an san ƙauyen da kowace dila ta fito, da hannun da ta bi har ta iso.

Alhaji Adamu ya tsufa, hawan jini ya kama shi. Ya kira ɗansa Abdulrahman, wanda ya yi karatu a Kaduna yana aiki a wata masana'anta a Legas, ya ce ya dawo ya riƙe kamfanin. Yusha'u ya san shi tun yana rarrafe. Abdulrahman ya dawo siriri, mai magana a hankali, idanunsa kullum kamar bai ƙoshi da barci ba. Ba mai girman kai ba ne. Duk direban da ya girme shi Baba yake ce masa.

Ya tara direbobi a ƙarƙashin dogon-yaron da ke harabar kamfani ya yi musu bayani. An daina karɓar auduga a buhun taki. Kamfani zai raba wa manoma buhunan yadi, kowane da lambar ƙauyensu. Mota ba za ta haɗa audugar ƙauye biyu ba, ko da rabinta ne ya cika. Idan an gama lodi, wakilin kamfani zai zagaye tamfol da igiya, ya haɗa bakinta da hatimin dalma mai lamba, ba mai tsinke shi sai a ƙofar kamfani. Ba ɗaukar fasinja, ko a baya ko a gaba. Sannan ya ce za a rufe sito biyun.

"Kayan da ke kwance a sito asara ne," in ji shi. "Ɓeraye na ci, raɓa na taɓawa, wuta na iya tashi, ga masu gadi. A sito ne ma datti ke shiga. Daga sikelin ƙauye sai mota, daga mota sai inji."

Yusha'u, da yake shi ne babba a cikin direbobin, ya gyara hula ya ce, "To Manaja, in an ruhe sito, ina audugar za ta kwana?"

"Ba za ta kwana ba, Baba. Ranar da aka saye ta, ranar za a gurje ta."

Yusha'u ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, sauran suka ce amin.

A ƙofar kamfani aka haƙa rami aka dasa babban sikeli wanda mota ke hawa gaba ɗaya. Gefensa aka gina ɗan ɗaki mai taga, aka sa kwamfuta, aka ɗauki wata malama mai suna Rukayya, matar wani malamin makaranta, wadda ta koyi aikin a Zariya. Mota ta hau sikeli, nauyin ya fito a fuskar kwamfutar da kansa. Rukayya ta leƙo ta duba hatimi, ta buga lambarsa da ta ƙauyen da sunan direba. In komai ya dace da abin da wakili ya rubuto, na'urar ta yi ƙara ta fitar da 'yar takarda, mai gadi ya buɗe ƙofa. In bai dace ba, ko Alhaji Adamu ne ya zo, ƙofa ba ta buɗewa.

Tsarin ya yi aiki, wannan ba wanda ya musa. Audugar ta fito fes. Sai dai shekarar ce ta wahalar mai, kuma wuta ba ta zama. Idan aka ɗauke wuta, injin wutar kamfani kuma ba gas, kwamfuta ta mutu. An hana Rukayya rubutawa da hannu, don an ce rubutun hannu shi ne ƙofar da ha'inci ke shigowa. Sai motoci su yi layi daga ƙofa har bakin titi, kowace da rabin kayanta a ɗaure, direbobi a ƙarƙashi sun shimfiɗa kwali. Wani lokaci a wuni, wani lokaci a kwana biyu. Audugar da aka ce ba za ta kwana ba, a kan motar Yusha'u take kwana, shi ne kuma mai gadinta.

Direbobi suka riƙa sauke fushinsu a kan Rukayya, kamar ita ta ɗauke wutar. Yusha'u bai taɓa yi mata tsawa ba. Yakan je taga ya ce, "Malama, har yanzu?" Ta ce, "Har yanzu, Baba. Ka yi haƙuri." Ya koma.

A tsakiyar kakar aka sallami masu ɗaurin kaya, aka ce direba ɗaya ya ishi rabin lodi. Sabiru ya koma sayar da mai a galan a bakin hanya. Yusha'u, da shekarunsa hamsin da 'yan kai, shi ke hawa sama ya ja tamfol, shi ke canza taya. Tafiyar da a da yake yi sau ɗaya yanzu sau uku ce, don kayan Magami daban, na Mada daban, na ƙauyukan Tsafe kowane daban. Bayansa ya fara ciwo. Gida sai ranar Juma'a, in ya je ma, Saude ta ajiye masa tuwo ya yi barci a zaune kafin ya wanke hannu.

Abin da ya fi ciwon baya damunsa shi ne wuce mutane. Ranar farko da Inna Uwa ta ɗaga masa hannu, ya tsaya ya sauko ya yi mata bayani. Ta saurara, ta dubi gaban motar da ba kowa, ta ce, "To ɗana, Allah shi kiyaye hanya." Bayan nan ba ta ƙara ɗaga masa hannu ba, in ta hango motar sai ta sunkuya tana gyara ƙwarya. A Bungudu aka fara cewa Yusha'u ya zama ma'aikacin Turawa, ya daina sanin mutane. Saude ce ta jiyo a gidan suna, ta kawo masa.

Kakar da ta biyo baya aka sa ranar zuwan mai bincike daga Legas. Aka yi fenti, aka share haraba, aka sayo gangar gas aka kulle don kada kwamfuta ta mutu a gaban baƙo. Abdulrahman ya bi direbobi ɗaya-ɗaya yana roƙonsu, makon nan kawai, kada a sami kuskure. Da ya zo kan Yusha'u sai ya ce, "Baba, kai ba sai na faɗa maka ba."

Ana tsakiyar makon, Yusha'u ya taso daga Tsafe da rabin lodi, da hantsi. Kafin mararrabar Mada ya hangi shanu sun watsu a gefen titi, wani makiyayi ya shigo tsakiyar hanya yana ɗaga sanda da hannu biyu. Ya taka birki. Makiyayin, wanda daga baya ya ce sunansa Labbo, ya ja shi zuwa gindin wata ƙirya. Ƙanensa ne kwance, bijimi ya soke shi a cinya, an ɗaure wurin da rawani amma jini ya jiƙe shi har ƙasa. Saurayin ba ya kuka, leɓunansa sun yi fari.

"Malam direba, motoci biyu sun wuce mu," in ji Labbo. "Ba mu da kowa nan sai Allah."

Lokacin wahalar mai ne, titi fayau. Yusha'u ya duba gaban motarsa. Kujera gajeriya ce, ga sandar giya a tsakiya, ƙafar ba za ta miƙe ba. Saman tamfol kuwa, ramin farko zai wurgo shi ƙasa. Ya tsaya yana kallon hatimin dalmar da ke lilo a bakin igiya. Bai daɗe yana kallo ba. Ya karɓi wuƙar Labbo ya yanke igiyar, ya sa hatimin a aljihu, ya ɗaga tamfol. Suka ɗauki saurayin suka kwantar a kan buhunan, Labbo ya hau ya riƙe masa kai, wani dattijonsu ya tsaya da shanu.

Ya kai su asibiti a Gusau, ya tsaya har aka shiga da shi. Da ya dawo ya leƙa bayan mota, buhu uku sun sha jini. Ya rufe tamfol, ya ɗaura igiyar yadda ta samu, ya nufi kamfani.

Ranar akwai wuta, ba layi. Ya hau sikeli. Rukayya ta leƙo ta taga, ta dubi igiyar, ta dube shi. A bayanta mai binciken nan ne tsaye, baƙon Legas, mai gajeren hannun riga da tabarau, riƙe da allon rubutu.

"Baba, ina hatimi?" Muryarta ƙasa-ƙasa.

Ya ciro shi daga aljihu ya ajiye a kan taga.

Ta ɗan jima hannunta a kan madannai bai motsa ba. Sannan ta buga cewa hatimi ya zo a tsinke. Na'urar ta ƙi fitar da takarda. Aka aika a kira Abdulrahman, ya zo da sauri, da ya ga motar wa ce sai ya rage tafiya.

Yusha'u ya faɗi abin da ya faru, bai ƙara ba bai rage ba. Abdulrahman ya fassara wa baƙon da Turanci. Baƙon bai yi fushi ba, bai kuma nuna tausayi ba. Tambayoyi kawai ya riƙa yi yana rubutawa. Wa ya gano? Ina ake kai irin wannan kaya? Wa ke da ikon sakinsu? Aka buɗe ƙaramar ƙofa, Yusha'u ya kai motar wani lungu da aka zagaye da waya aka shafa wa jan fenti, aka sauke audugar gaba ɗaya a can, har da buhunan da jini bai taɓa ba. Daga baya masu katifa aka sayar wa da ita a arha.

Da baƙon ya wuce gaba, Abdulrahman ya matso kusa.

"Ya rayu?"

"Na bar shi shina numfashi."

Abdulrahman ya shafa fuska da tafin hannu. "Baba, dole in dakatar da kai mako biyu. A rubuce yake, kuma mutumin nan zai duba ya ga ko na yi."

"Yi aikinka, Manaja. Ni ma ina buƙatar kwanciya."

Ya yi makonnin a Bungudu, mafi yawansu a kan tabarma, Saude na gasa masa baya da ruwan zafi. Ita ce ta yi fushin da bai yi ba. Ta ce shekara ashirin yana bautar gidan nan, yau a kore shi don ya ceci rai. Ya ce ba kora ba ce, kuma da shi ne a kujerar Abdulrahman, bai san abin da zai yi ba.

Ranar da ya koma, mai gadi ya miƙa masa wata 'yar ƙwarya a rufe da faifai. Wasu Fulani ne suka kawo man shanu suna neman direban da ya taimake su, ba a bar su shiga ba, don an hana abinci wuce ƙofa. Man ya kwana biyu a ɗakin mai gadi mai rufin kwano, ya narke ya daskare ya sake narkewa, rabinsa ya tsiyaye. Mai gadin ya ce sun ce saurayin yana da rai, amma an yanke ƙafar.

Takardar shaida ta iso bayan ƙaramar salla, aka sa ta a gilashi aka rataye a ofis, aka yanka rago. Wurin cin naman ne Rukayya ta gaya wa Yusha'u cewa labarinsa na cikin rahoton baƙon. Ya rubuta cewa ya ga da idonsa an tsinke hatimi, kwamfuta ta kama, an ware kayan, an hukunta direba, don haka tsarin kamfanin na gaskiya ne, ba na takarda kawai ba.

"Wato da ni aka samu," in ji Yusha'u.

"Har da kai, Baba."

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin namansa. Abdulrahman ya ƙara layi ɗaya a dokokin direbobi, cewa wanda ya tarar da rai cikin haɗari yana iya tsinke hatimi, in dai zai faɗa a ƙofa. Duk da haka, idan ana koya wa sabon direba aiki, da sunan Yusha'u ake ba da misalin abin da ke faruwa idan hatimi ya tsinke.

Masaƙar ta dawo da saye, amma audugar ce ta fara ƙaranci. Farashi ya faɗi a 1999. Manoma suka gaji da buhun yadi mai yagewa, da wakilin da ke mayar musu da kaya saboda ɗan tsinke ko gashin kaza. Da yawansu suka koma masara da waken suya. Motocin kamfani suka riƙa yini a tsaye. Abdulrahman ya duba ya ce mota a tsaye ita ma asara ce. Za a sayar da su duka, a riƙa ɗaukar haya idan akwai kaya. Shi da kansa ya zo har Bungudu ya gaya wa Yusha'u, ya zauna a kan tabarma, ya sha ruwa, ya kasa haɗa ido da Saude. Ya rame fiye da da. Ya ce shi ma yana tunanin komawa Legas, don mahaifinsa na ganin ya lalata kamfani, masu saye kuma na ganin bai yi abin da ya isa ba.

"Kai ma ka gaji," in ji Yusha'u.

"Na gaji, Baba."

Wani ɗan kasuwa daga Funtuwa ya sayi gingimarin. Yusha'u bai je ranar da aka tafi da ita ba. Ya koma gonar mahaifinsa, ya shuka dawa da wake, abin da bayansa zai iya. Abokansa na tasha sun yi masa tayin tuƙa bas, ya ce idonsa ba ya son hasken rana kamar da.

Bayan damina 'yarsu Nusaiba, wadda ke aure a Tsafe, ta haihu. Shi da Saude suka shiga bas daga Bungudu don zuwa suna. Kwandasta bai san shi ba, ya tura shi kujerar baya kusa da taga, wata mata ta ɗora masa ƙullin kayanta a cinya. Ya ce wa Saude yau zai kalli gonaki da kyau, don duk shekarun nan kwalta kawai yake kallo. Direban yaro ne mai gudu, yana faɗa wa ramuka ba ya kaucewa, Yusha'u ya fara motsa ƙafar dama kamar mai neman birki. Can ya bari. Kafin su shiga Gusau kansa ya jingina da gilashi. Aka tsaya a tasha aka sauke wasu aka ɗauki wasu, bai farka ba. Saude ta janye ƙullin daga cinyarsa ta ɗora a tata, ta ce wa matar ta bar shi, in sun isa ita za ta tashe shi.